Kwamfuta a Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Gano Matsalolin Direba, Sadarwa da Allo

Gabatarwa

A yawancin ɗakunan kwamfuta na makarantun sakandare, injunan da ake da su ba su kai yawan ɗalibai ba, kuma kowanne yana ɗauke da babbar manhaja guda ɗaya tak, galibi Windows. Idan malami ya zo koyar da Linux, ko yana son ɗalibai su ga yadda kwamfutoci biyu ke magana da juna, sai ya shiga tsaka mai wuya: ko dai ya goge abin da ke kan injin, ko kuwa ya koyar da darasin da alli kawai. Mafita ita ce kwamfutar kwaikwayo, watau a sa wata manhaja ta ƙirƙiri kwamfuta sukutum a cikin kwamfutar gaske, da nata faifan ajiya da katin sadarwa da allo, har a girka mata babbar manhaja ta daban.

Sai dai wanda ya taɓa gwada wannan ya san abin da kan biyo baya. An girka komai lafiya, amma intanet ta ƙi shiga. Ko allon ya tsaya ɗan mitsitsi a tsakiyar taga, ko ya yi baƙi ƙirin. A nan mutane da yawa kan sare, su goge komai su sake daga farko, matsalar kuwa ta dawo yadda take, lokacin darasi ya tafi a banza. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibai da malamai cewa irin waɗannan matsaloli suna da mazauni, kuma akwai tsarin da ake bi a gano mazaunin kafin a taɓa komai.

Taƙaitaccen Tarihi

Wannan dabara ta girmi ƙananan kwamfutocin da muka sani. Masanan kamfanin IBM a Amurka sun fara aiki da wani tsari mai suna CP-40 a shekarar 1967, wanda ke raba babbar kwamfuta guda ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da dama, sa'an nan a 1972 kamfanin ya fito da VM/370. A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka wallafa sharuɗɗan da dole furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke sarrafa umarni, ya cika kafin a iya kwaikwayonsa cikin sauƙi. Furosesan ƙananan kwamfutoci bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, sai da kamfanin VMware ya samo hanyar kewaye a 1999. Daga baya Intel ya ƙara wa furosesansa wata fasaha mai suna VT-x a 2005, AMD kuma ya fito da AMD-V a 2006, domin furosesan da kansa ya riƙa taimakawa. Manhajar VirtualBox, wadda za mu ɗauko misalanmu daga gare ta, kamfanin Innotek na ƙasar Jamus ne ya sake ta kyauta a 2007, ta koma hannun Oracle a 2010. Mafi yawan abin da za a faɗa a kanta ya shafi takwarorinta irin su VMware da QEMU da Hyper-V.

Hawa Uku na Al'amarin

Fatake idan sun isa gari sukan sauka a gidan fatoma. Shi ke ba su ɗaki, shi ke nema musu masu saye, ta bakinsa suke hulɗa da mutanen gari. Idan hajar baƙo ba ta shiga kasuwa ba, mai yiwuwa baƙon ne bai kwance kayansa ba, ko fatoma ne bai kai saƙo ba, ko kuwa ranar kasuwar ce ba ta ci ba. Wanda bai tantance wanne ne daga cikin ukun ba, zai yi ta ɗora laifi a inda babu shi.

Haka abin yake a nan. Hawa na farko shi ne mai masauki, watau kwamfutar gaske da babbar manhajarta. Hawa na biyu shi ne manhajar da masana ke kira haifabaiza, irin su VirtualBox, wadda za mu kira fatoma. Hawa na uku shi ne baƙuwa, watau kwamfutar kwaikwayo da babbar manhajar da aka girka a cikinta. Ya kamata ɗalibi ya riƙe magana ɗaya da kyau, domin a kanta sauran darasin ya doru: baƙuwa ba ta ganin na'urorin gaske. Katin sadarwar da take gani, da katin allon, da faifan ajiyar, duk fatoma ne ya ƙaga mata su. Faifan nata ma fayil ne guda ɗaya a kan faifan mai masauki. Saboda haka tambayar farko a kowace matsala ita ce, a wane hawa take?

Furosesa Ya Ba da Izini Kuwa?

Tun daga VirtualBox 6.1 da ta fito a 2019, baƙuwa ba ta tashi sam sai da taimakon VT-x ko AMD-V. Kwamfutoci da yawa kuwa suna zuwa da wannan fasaha a kashe. Alamar ita ce saƙon kuskure mai ambaton ɗaya daga cikin sunayen nan biyu, ko a ga jerin manyan manhajoji ya nuna masu bit 32 kaɗai babu masu bit 64. A kan Windows ana iya dubawa a Task Manager, ƙarƙashin Performance, inda aka rubuta Virtualization. Idan a kashe take, sai a sake tayar da injin, a shiga saitin BIOS ta danna F2 ko F10 ko Del, gwargwadon kamfanin da ya ƙera shi, a kunna Intel Virtualization Technology, ko SVM Mode idan furosesan na AMD ne.

Akwai kuma lokacin da baƙuwa kan tashi amma ta yi ta jan jiki, a kuma ga hoton ɗan kunkuru kore a ƙasan tagarta. Ma'anarsa ita ce Hyper-V, fatoman da ke cikin Windows, ya riga ya kama fasahar, VirtualBox kuma tana aiki ta ƙarƙashinsa. Wasu matakan tsaron Windows sun dogara da Hyper-V, don haka kashe shi hukunci ne na mai kula da ɗakin kwamfuta, bai kamata ɗalibi ya yi gaban kansa ba. Haka kuma kada a bai wa baƙuwa fiye da rabin RAM ɗin mai masauki. Injin mai gigabayit 4 idan aka yanka wa baƙuwa 3, dukansu biyu za su galabaita.

Direba da Aikinsa

Direba ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin babbar manhaja da wata na'ura. Kowace na'ura da harshenta, in babu tafinta kuwa, babbar manhaja tana ganin na'urar amma ba ta iya sa ta aiki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga intanet ba ta aiki a baƙuwa, sai a je a sauko da direban katin da ke cikin kwamfutar gaske, na Realtek misali, a girka mata. Wannan wahala ce kawai, domin baƙuwa ba ta taɓa ganin wancan katin ba. Direban da take bukata shi ne na katin da fatoma ya ƙaga.

Fatoma yana da hanya biyu ta samar da na'ura. Ta farko ita ce ya kwaikwayi wata sananniyar na'ura da aka daɗe ana amfani da ita, domin manyan manhajoji sun riga sun zo da direbanta. VirtualBox tana iya kwaikwayon katin sadarwa na AMD mai suna PCnet-FAST III, da kuma wasu katunan Intel na dangin PRO/1000. A nan shekarun baƙuwa ke da muhimmanci. Windows XP tana gane PCnet-FAST III da PRO/1000 T Server ba tare da an ƙara mata komai ba, amma ba ta da direban PRO/1000 MT Desktop. Daga Windows Vista zuwa sama kuwa, MT Desktop ɗin ne ake ganewa, an daina haɗo direban PCnet. Ke nan maganin yana hawa na biyu: a kashe baƙuwa, a sauya irin katin a saitin fatoma. Irin wannan ne ke faruwa da faifan ajiya. Windows XP ba ta zo da direban SATA irin na AHCI ba, saboda haka takan kasa ganin faifan ko ta tsaya da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Da an mayar da faifan kan IDE sai ta wuce.

Hanya ta biyu ita ce a bar kwaikwayo, a yi na'urar da tun asali don baƙuwa aka tsara ta, ta riƙa miƙa wa fatoma saƙo kai tsaye. Wannan ya fi sauri ƙwarai. Fitaccen misali shi ne virtio, wanda Linux ke ɗauke da direbobinsa tun 2008. Windows ba ta zuwa da su. Shi ya sa mai girka Windows a kan QEMU da faifan virtio kan ga an ce babu faifai ko ɗaya, har sai ya loda direban daga tarin virtio-win na Fedora.

Don a san ko na'ura na da direba, a baƙuwa mai Windows sai a buɗe Device Manager, duk na'urar da ke da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa tana neman direba. A Linux sai a rubuta wannan umarni:

lspci -k

Zai jero na'urorin da baƙuwa ke gani, a ƙarƙashin kowacce kuma ya ambaci direban da ke riƙe da ita.

Bugu da ƙari, kowane fatoma yana da ƙunshin direbobi na musamman da ake girkawa a cikin baƙuwa. Na VirtualBox sunansa Guest Additions, na VMware kuma VMware Tools. Wannan ƙunshi ne ke sa allo ya bi girman taga, linzami ya riƙa shiga da fita ba tare da maƙalewa ba, a iya kwafar rubutu daga wannan ɓangare zuwa wancan, agogon baƙuwa kuma ya daidaita da na mai masauki. Ana shigo da shi daga Devices, a zaɓi Insert Guest Additions CD image. A Windows sai dai a yi ta latsawa har a gama. A Linux kuwa ana gina direbobin ne nan take domin su dace da kenel, watau zuciyar babbar manhajar, don haka dole kayan ginin su kasance a wurin tukuna. A Ubuntu ana samar da su da wannan umarni:

sudo apt install build-essential dkms linux-headers-generic

Bayan nan sai a shiga faifan a gudanar da VBoxLinuxAdditions.run, a karanta abin da ya rubuta har ƙarshe, a sake tayar da baƙuwa. Daga wannan bayani mai karatu zai fahimci dalilin koken nan da ake yawan ji, cewa jiya komai lafiya, yau allo ya ƙanƙance. Sau da yawa sabuntawa ce ta kawo sabon kenel, direbobin da aka gina don tsohon kuma ba su hau sabon ba. Sake gudanar da ƙunshin yakan warware matsalar. A kuma tabbata lambar ƙunshin ta yi daidai da lambar VirtualBox ɗin da ke kan mai masauki.

Hanyoyin Sadarwa Huɗu

Mafi yawan abin da ake kira lalacewar sadarwa a baƙuwa, zaɓen tsarin da bai dace da bukata ba ne. Ga tsare-tsare huɗu da ya kamata a sani.

Na farko shi ne NAT, wanda VirtualBox ke zaɓa da kanta. A nan fatoma ke karɓar saƙon baƙuwa ya fitar da shi da sunan mai masauki. Baƙuwa takan sami adireshin 10.0.2.15, ƙofar fitarta kuma 10.0.2.2. Tana iya shiga intanet, amma daga waje ba mai iya fara tuntuɓarta. Kowace baƙuwa kuma tana da nata NAT ɗin daban, shi ya sa baƙi biyu kan sami 10.0.2.15 dukansu, su kuma kasa ganin juna. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi. Mai son su ga juna tare da samun intanet sai ya zaɓi ɗan'uwansa mai suna NAT Network.

Na biyu shi ne gada, wanda aka rubuta Bridged Adapter. A nan ana haɗa baƙuwa da katin mai masauki kai tsaye, ta fito fili kamar kowace kwamfuta a ɗakin, ta karɓi adireshinta daga rautar makaranta ko ta gida.

Na uku shi ne Host-only Adapter, sadarwa tsakanin mai masauki da baƙinsa kaɗai. Adireshinsa kan fara da 192.168.56, mai masauki ya riƙe 192.168.56.1. Babu intanet a cikinsa.

Na huɗu shi ne Internal Network, inda baƙi ke magana a tsakaninsu, ko mai masauki ba ya ji. Babu mai raba adireshi a cikinsa sai an tanada, don haka yawanci da hannu ake rubuta wa kowace baƙuwa nata. Shi ya fi dacewa da gwaje-gwajen da ba a so su taɓa sadarwar makaranta.

Tsanin Binciken Sadarwa

Idan an tabbata tsarin ya dace amma abin ya ƙi, sai a hau wannan tsani daga ƙasa, kada a tsallake mataki. Kayan aikin shi ne umarnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Aikinsa shi ne ya aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi ya jira amsa.

1. Mai masauki yana da intanet? A buɗe shafi a kwamfutar gaske. In shi ma babu, ba ruwan baƙuwa. In ana amfani da VPN, a kashe shi a sake gwadawa.

2. Katin baƙuwa a kunne yake? A saitin Network a duba Enable Network Adapter da kuma Cable Connected. Wayar ta kwaikwayo ce, amma ana iya cire ta.

3. Baƙuwa ta sami adireshi? A Windows a rubuta ipconfig, a Linux a rubuta ip addr. Adireshin da kansa yana ba da labari. Idan 10.0.2.15 ne, NAT yana aiki. Idan ya fara da 192.168.56, ana kan tsari na uku, kada a jira intanet. Idan ya fara da 169.254, baƙuwa ta nemi adireshi daga mai rabawa, watau DHCP, ba a amsa mata ba, sai ta laƙaba wa kanta wannan.

4. Ana isa ƙofar fita? A NAT sai a rubuta ping 10.0.2.2. A gada kuwa a yi amfani da adireshin rauta.

5. Ana isa waje da lamba? A gwada ping 8.8.8.8, adireshin wata sabar Google. Wasu cibiyoyi suna toshe ping, saboda haka shirun da aka ji a wannan mataki bai isa hujja shi kaɗai ba.

6. Ana isa waje da suna? A gwada ping wikipedia.org. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, matsalar ta DNS ce, watau tsarin da ke mayar da sunaye lambobi. Hanya a buɗe take, mai fassara sunan ne ya gaza. Sai a duba adireshin DNS da baƙuwa ke amfani da shi.

7. Duk sun amsa amma shafi ya ƙi buɗewa? A duba kwanan wata da agogon baƙuwa. Idan sun kauce sosai, shafukan da ke da tsaro za su ƙi ta, domin takardun shaidarsu suna da ranar farawa da ranar ƙarewa.

Matakin da aka tsaya a kansa shi ne mazaunin matsalar, duk abin da ke ƙasa da shi kuma an wanke shi daga zargi.

Gada tana da nata tarkon. Mafi sauƙi shi ne a haɗa ta da katin waya alhali mai masauki yana kan Wi-Fi, sai a duba sunan katin da aka zaɓa. Na biyu ya shafi lambar MAC, watau lambar shaida mai bit 48 da kowane katin sadarwa ke da ita. Na'urar Wi-Fi tana karɓar saƙo ne daga lambar da ta yi rajista da ita kaɗai, don haka dole fatoma ya riƙa musanya lambar baƙuwa da ta mai masauki, kuma ba kowace rauta ke jure wannan ba. In gada ta ƙi a kan Wi-Fi, a gwada waya ko a koma NAT. Na uku ya fi shafar malamai. Malami kan shirya baƙuwa ɗaya ya kwafe ta zuwa injuna ashirin. Idan kwafen sun tafi da lambar MAC iri ɗaya, sadarwa za ta riƙa zuwa tana yankewa, domin rauta ta rasa wa za ta bai wa saƙo. Lambobin VirtualBox suna farawa da 08:00:27, kuma akwai ɗan maɓalli kusa da lambar a saitin Network da ke haifar da sabuwa. A latsa shi a kowane kwafi.

Wanda ke kan NAT kuma yana son shiga baƙuwa daga mai masauki sai ya yi amfani da Port Forwarding. Misali, a ce duk saƙon da ya zo ƙofa ta 2222 a mai masauki a miƙa shi ƙofa ta 22 a baƙuwa, inda SSH ke sauraro. A kuma tuna cewa katangar tsaron Windows ba ta amsa ping daga waje sai an ba ta izini, saboda haka shirun baƙuwa mai Windows ba ya nufin ba ta kan layi. Abu na ƙarshe ya shafi aljihu. Ko da mai masauki yana shan intanet daga wayar hannu, baƙuwa tana ganin kanta a kan waya ce ta ofis, ba ta san ana sayen data ba, sai ta kama sauko da sabuntawa. A saita mata iyaka, ko a cire mata wayar kwaikwayon idan ba a bukata.

Matsalolin Allo

Hoton da ke kan allo tarin ɗigo ne, kowane ɗigo kuma yakan ci bayit 4 a ma'adanar katin allo. Allo mai faɗin ɗigo 1024 da tsayin 768 yana da ɗigo 786,432, watau bayit 3,145,728, megabayit 3 cif. Mai 1920 da 1080 yana cin bayit 8,294,400, kusan megabayit 8. Mai 3840 da 2160 kuwa ya kusa megabayit 32. Wannan na hoto ɗaya ne kurum, alhali manyan manhajojin yanzu suna riƙe fiye da hoto ɗaya a lokaci guda. Don haka idan Video Memory ya yi kaɗan, manyan ma'aunai ba za su samu ba. A ɗaga shi zuwa megabayit 128, baƙuwa tana kashe.

Katin allon ma fatoma ne ke ƙaga shi. Tun VirtualBox 6.0 ta 2018 akwai iri uku: VMSVGA don Linux, VBoxSVGA don Windows 7 zuwa sama, da VBoxVGA don tsofaffin manhajoji. Baƙuwar da aka ɗauko daga tsohuwar VirtualBox takan zo da irin da bai dace ba, sai a gyara a saitin Display.

Idan allo ya maƙale a 800 da 600 ko 1024 da 768, kusan kullum ƙunshin direbobi ne babu, ko ya faɗi bayan sabuntawa. In an gyara shi, sai a kunna Auto-resize Guest Display a ƙarƙashin View. Idan hoto ya yi dishi-dishi kuma jerin umarnin saman taga ya ɓace, an faɗa yanayin miƙa hoto ne bisa kuskure. Ana fita ta danna Ctrl na hannun dama tare da C. Wannan Ctrl na dama shi ne kuma ke sakin linzami idan baƙuwa ta kama shi.

Baƙin allo ya fi tayar da hankali, amma shi ma tambaya ɗaya ke raba gardama: baƙuwar ce ta tsaya, ko tana aiki hoton ne kawai bai fito ba? A baƙuwa mai Linux a danna Ctrl na dama tare da F3. Idan allon rubutu ya fito yana neman suna, baƙuwa na nan da ranta, laifin na ɓangaren hoto ne. Daga nan sai a kashe ta, a cire Enable 3D Acceleration, a tayar. Wannan saiti yana miƙa aikin zane ga katin mai masauki, don haka tsohon direba a hawa na farko na iya baƙanta allo a hawa na uku. In bai yi ba, a ƙara ma'adanar allo, sa'an nan a gwada wani irin katin. Idan har yanzu shiru, a jerin GRUB da ke fitowa lokacin tashi a danna e, a ƙara kalmar nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, a danna F10. Baƙuwa za ta tashi da hoto mai sauƙi, a sami damar gyara direba. A Windows, Safe Mode ke yin wannan aiki.

Ladubban Mai Bincike

Abin da muka bi a sama tsarin binciken kimiyya ne: a lura, a yi zato, a gwada, a rubuta sakamako. Sharaɗinsa shi ne a sauya abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya sauya saiti biyar abin ya gyaru bai san wanne ya gyara ba, gobe kuma zai sake faɗawa. A kwafe saƙon kuskure harafi da harafi tare da lambarsa. A karanta kundin rahoton da fatoma ke rubutawa, VBox.log, wanda ake buɗewa daga Show Log, a cikin Linux kuma a duba abin da umarnin dmesg ya nuna.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kowane babban sauyi a ɗauki Snapshot, watau hoton halin da baƙuwa ke ciki, domin in abu ya ɓaci a koma cikin ɗan lokaci. Sai dai wannan hoto yana zaune ne a kan faifan mai masauki, in faifan ya mutu sun tafi tare. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu ma tana iya lalata fayil ɗin baƙuwa. Saboda haka malami ya fitar da baƙuwar da ya gama shiryawa a matsayin fayil ɗin OVA, ya adana a wani faifai daban.

Aikin Gwaji

1. Ka tayar da baƙuwa a kan NAT, ka rubuta adireshinta. Ka mayar da ita Host-only Adapter, ka sake rubutawa. A wane mataki na tsanin kowane tsari ya tsaya, kuma don me?

2. Ɗalibai su kasu biyu-biyu. Ɗaya ya ɓata saiti guda a ɓoye, misali ya cire Cable Connected, ɗayan ya gano shi ta bin tsani, yana rubuta abin da ya gani a kowane mataki.

3. Ka lissafa bayit nawa hoto ɗaya zai ci a allo mai ɗigo 1366 da 768.

4. Baƙuwa tana samun amsa daga 8.8.8.8 amma ba ta samu daga wikipedia.org. Ina matsalar take?

5. Me ya sa direban katin allon kwamfutar gaske ba zai yi amfani a cikin baƙuwa ba?

Kammalawa

Mun ga cewa kwamfutar kwaikwayo hawa uku ce, kuma duk na'urar da baƙuwa ke gani fatoma ne ya samar da ita. Matsalar direba tana warwarewa idan an san wace na'ura aka ƙaga, ta sadarwa idan an zaɓi tsarin da ya dace aka kuma bi tsani, ta allo idan an bambance tsayawar baƙuwa da ɓacewar hoto. Muna shawartar malamai su riƙa ɓata baƙuwa da gangan suna bai wa ɗalibai su gyara, tunda a nan ɓarna ba ta cin ko kwabo, Snapshot ɗaya ya isa a mayar da komai yadda yake kafin aji na gaba ya shigo.